Garin da Duberney Ya Aiko wa Papá

Santa Inés, Cauca
14 ga Nuwamba, 2004

Ƙanena Duberney,

Ina gaishe ka, gaisuwar da ta fi wadda kake aiko mana yawa. Ina fata sanyin Sifaniya bai kama ka ba, ko da yake hoton da ka aiko ya nuna har yanzu ba ka gano inda ake sayar da riga a garin ba. Mu nan lafiya lau. Yara sun warke daga tari. Mijina Arcesio yana nan yana dakon buhunan dankali a kasuwa, ya ce a gaishe ka, duk da na gaya masa ba za ka amsa ba. Takarda na zaɓa saboda wayar kantin bakin kasuwa kunnuwa goma gare ta.

Papá ne ba lafiya. Gwiwoyinsa sun ƙare. Da safe sai na kama shi yake iya tashi daga gado. In zai hau tudun coci sau uku yake tsayawa, yana yi kamar gaisawa yake da mutane. Likita ya ce ƙashi ke gogar ƙashi. Ga shi saura wata huɗu Juma'ar Ista.

In Sifaniya ta mantar da kai, bari in tuna maka. A ranar maza takwas ke ɗaukar karagar da ake ɗora mutum-mutumin Uwa Maryamu a kai, kowa a ƙarƙashin sandarsa, daga ƙofar coci a zaga gari a dawo, kowa da abin da ya fi buhun siminti a kafaɗarsa. Sandar gaba ta dama tamu ce tun kakan Papá. Wanda ya faɗi a hanya, ko ya buɗe baki ya ce a karɓe shi, ya bar gurbin ke nan har abada, kuma wanda ya sa kafaɗa ya tare shi ke gadonsa. Papá shekararsa sittin da huɗu. Ba zai kai ba, Duberney. Ni ke shafa masa man zafi, na sani.

Kai ne magaji, amma ba ka da takardun zama a Sifaniya, in ka fito ba komawa. Don haka na je wurin Don Laurentino mai kula da karagar. Ya ce gida na iya sa wakili na shekara ɗaya in an faɗa kafin ranar, kuma gurbin yana nan da sunan gidan. Arcesio ya yarda ya ɗauka a madadinka, baɗi ka zo ka karɓi abinka.

Na gaya wa Papá, ya ce sai abin da ka ce. Shekara goma sha ɗaya tun rasuwar Mamá ni ke dafa masa, ni ke wanke masa, amma sai abin da ka ce. To, ka ce.

Yayarka,
Edilma


Castellón
3 ga Disamba, 2004

Yaya Edilma,

Takardarki ta iso, na same ta da yajinta kamar kullum. Ina lafiya, aikin gini yana tafiya, sai dai sanyi. Ki sumbaci yara. Ki gaya wa Papá ina neman albarkarsa. Shi kuma mijinki, ki ce na ji.

Amsata a'a ce. Kin manta gidan Muñoz? Suruki ya shiga wakilcin shekara ɗaya, yau shekara ashirin ana jiran ya fita. Kuma wa za a saka a sandar kakanmu? Arcesio? Mutumin da in iska ta taso sai an zuba masa duwatsu a aljihu? Mutanen gari su ga karagar ta karkace gaba su ce gidan Papá Eliécer maza sun ƙare?

Matsalarku a ƙauye ba ku san duniya ta ci gaba ba. Kun ɗauka ƙarfi ruwan mazarƙwaila ne da addu'a. Ni nan kullum in na tashi daga aiki gidan ɗaga ƙarfe nake zuwa, kuma akwai wani gari da kowa ke sha kafin ya taɓa ƙarfe. Ana dama shi da ruwa a sha, rabin awa ya fara aiki. Yana buɗe jijiyoyi, jini ya cika nama, damtse ya kumbura har ki ji fata za ta tsage. Wata takwas da suka wuce kilo tamanin nake turawa a kwance. Yanzu ɗari da goma. Wannan hoton da kike wa dariya, shi ne shaidata.

Na ba wata 'yar garinmu da za ta zo Kirsimeti roba ɗaya babba. Akwai ɗan ludayi a ciki. Papá ya fara da ɗaya kullum da safe, ya riƙa zagaya tsakar gida da buhu a kafaɗa, jikinsa ya saba. Ranar Juma'ar ya sha biyu. Awa biyu ne kawai fa, Yaya. Mutumin da ya ɗauka shekara arba'in ba zai kasa awa biyu ba in an taimaka masa.

An ce bayan sabuwar shekara gwamnati za ta ba irinmu takardu. Baɗi ni da kaina zan shiga ƙarƙashin sandar nan, ku ga yadda ake ɗauka. Abin da nake nema kawai a riƙe mini wurina shekara ɗaya, kuma jininmu ya riƙe.

Kar ki ɓoye robar. Na san halinki.

Ƙanenki,
Duberney


Santa Inés
9 ga Janairu, 2005

Duberney,

Barka da sabuwar shekara. Mun yi bikin lafiya, sai dai ƙaramar ta ƙone yatsa da wasan wuta, ya warke. Saƙonka ya iso, ban ɓoye ba.

Zan ba ka labari yadda ya faru, ka yi abin da ka ga dama da shi. Ranar farko Papá ya sha, ya zauna yana ɓata fuska, ya ce ɗanɗanon maganin tari gare shi. Can sai ya fara sosa kunne. "Edilma, tururuwa na bin fuskata!" Na ce to, ƙarfin ne ke shigowa ta kunne. Ya ɗauki tsohon ƙarfen guga yana ɗagawa da hannu ɗaya kamar yadda ya ga ka yi a hoto. Kuma gaskiya ce, damtsen ya tashi. Jijiyoyi suka fito raɗau. Ya tsaya gaban madubin Mamá ya fi minti goma.

Yanzu uban naka da hannun riga a naɗe yake fita, cikin wannan sanyin. Yana tare mutane a hanya. Shekaranjiya ya tare Fada a ƙofar coci ya ce, "Taɓa nan, Fada, taɓa ka ji. Ɗana ne ya aiko daga Turai." Yaran kasuwa sun sa masa suna, ba zan rubuta maka ba. Ni na ji kunya, shi ko a jikinsa.

Amma ni ba madubi nake kallo ba. Kafin garin ya zo, Papá yana zagaya tsakar gida da buhun kofi sau shida ya ajiye. Yau sati biyu yana sha, sau shida yake zagayawa ya ajiye. Bambancin kawai yanzu in ya ajiye zuciyarsa na bugawa har ina gani ta riga, kuma ba ya barcin rana.

Na ce ƙila tsufa ne, sai na gwada a kan Arcesio. Ranar kasuwa uku bai sha ba, ya sauke buhu arba'in da ɗaya, arba'in da uku, arba'in. Ranar kasuwa uku ya sha, ya sauke arba'in da biyu, talatin da tara, arba'in da ɗaya. Ya ce hannunsa ya yi tauri har kama bakin buhu na ba shi wuya, kuma sau biyu ya bar mota tana jira ya ruga bayan gida. Ya roƙe ni in bar shi haka.

Ka ce ka tashi daga tamanin zuwa ɗari da goma. A wata takwas ɗin nan ba kullum kake ɗaga ƙarfen ba? Ba kullum kake cin nama ba, kai da a nan sai ranar Lahadi? Kuma shekararka ashirin da shida. Ko ruwan wanke kwano ka sha sai ka ƙaru.

Garinka yana kumbura hannu, ban musa ba. To da hannu ake ɗaukar karaga? Kafaɗa ce da baya da gwiwa, kuma gwiwar tana nan yadda ka bar ta. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yanzu Papá ya yarda zai iya, wannan kuwa ya fi ciwon ba ni tsoro.

Don Laurentino ya ce zai jira amsa har ƙarshen Fabrairu. Ka rubuto wa Papá da hannunka ka ce ya huta. Maganarka kaɗai yake ji. Ban taɓa roƙonka komai ba, yau na roƙe ka.

Edilma


Castellón
27 ga Janairu, 2005

Yaya, wannan ba taki ba ce, ta Papá ce. Tun da idonsa ba ya ganin rubutu, ki karanta masa duka, kar ki tsallake ko kalma. Zan tambaye shi.

Papá,

Ina durƙusawa ina neman albarkarka. Ina lafiya, ina ci ina sha, an fara karɓar sunaye na takardu kuma maigidana ya yi alkawarin sa mini hannu. Na ji labarin damtsenka, wallahi sai da na yi tsalle a ɗaki. Na nuna wa abokaina hotonka na da, na ce wannan tsohon ya fi ku duka.

Papá, ka buɗe idonka. Garin da na yi kwana uku ina ɗaukar bulo kafin in saya maka, an ɗebe shi an ɗura wa Arcesio. Sau uku. Wai gwaji. In ba shi da amfani, me ya sa ake ba mijin gida? Ana shirya shi ne, Papá. Ana ciyar da shi da abinka don ya shiga wurinka.

Yaya Edilma tun muna yara take jin haushin sandar nan, saboda ita mace ce ba za ta taɓa shiga ba. Ka tuna ranar da ka fara ɗora ni a kafaɗarka a bayan karaga, ta ƙi cin abinci? Ba ta canza ba. Tun da ba za ta ɗauka ba, ta auro wanda zai ɗaukar mata. Tana ƙirga maka zagaye a tsakar gida kamar mai jiran ranar da za ka faɗi. Wanda ke sonka zai ce maka ka ƙara ɗaya, ba ya tsaya yana rubuta inda ka gaza ba.

Ita da ta bar makaranta a aji biyar ita za ta koya wa likitocin Amurka da suka haɗa garin yadda jini ke tafiya? Da buhun dankali?

Kai Eliécer ne. Ubanka ya ɗauka har yana da saba'in. Kar ka bari a zaunar da kai a kujera a bakin hanya kana kallon suruki a sandar kakanka. Ka riƙe mini ita shekara ɗaya tak, ni kuma zan riƙe ta shekara arba'in da sunanka. Ka ajiye robar a ɗakinka, ka sa mata makulli.

Ɗanka,
Duberney


Santa Inés
15 ga Fabrairu, 2005

Duberney,

Muna lafiya. Ruwa ya yi yawa kwanan nan, rufin kicin yana yoyo, Arcesio ya gyara.

Na karanta masa. Ban tsallake ko kalma ba, har wurin aji biyar, ajin da na bari don in goya ka. Arcesio yana zaune a wurin, yara ma suna nan. Da na gama Papá ya ce in maimaita wurin da ka ce ina jiran ya faɗi. Na maimaita. Ya dube ni ya ce, "Ashe." Shi ke nan abin da ya ce mini. Sannan ya ce wa Arcesio kada ya ƙara zama a teburinsa. Washegari ya hau tudu da kansa ya gaya wa Don Laurentino babu wakili.

Kun yi gaskiya, kai da shi. Na daina gardama. Ni ke dama masa garin da hannuna kullum da safe, kuma na daina ƙirga zagaye. In ya naɗe hannun riga nakan ce masa kai, Papá, yau ya fi jiya. Yana jin daɗi ƙwarai. Komai zai tafi yadda ya kamata.

Edilma


Castellón
23 ga Maris, 2005

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa gare ku duka, har da Arcesio wannan karon, don yau ina cikin farin ciki. Ki yi haƙuri na daɗe ban rubuto ba, layin takardu ne ya cinye ni. An karɓi nawa, Yaya! Lauya ya ce kafin ƙarshen shekara kati zai fito. Baɗi war haka ina gida.

Takardarki ta faranta mini rai. Na san a ƙarshe za ki gane. Ke ba muguwa ba ce, taurin kai ne kawai da rashin fita duniya. Abin da na rubuta wa Papá kar ki riƙe shi a zuciya, dole ce ta sa, in ba a yi miki da zafi ba ba kya ji. Ga shi yanzu har ke kina ganin damtsen yana ƙaruwa.

Kafin wannan ta iso an riga an gama. Ina ganin abin a idona: Papá a gaba ta dama, ƙirji a buɗe, tsofaffin da suka ce ya ƙare suna haɗiyar miyau. Ki sa a ɗauke shi hoto a ƙarƙashin sandar, da wani kuma hannu a naɗe. Mai gidan ƙarfenmu ya ce zai manna a bango kusa da inda ake sayar da garin, ɗan shekara sittin da huɗu da ya ɗauki karaga awa biyu. Ni ma na kai ɗari da ashirin a satin nan.

Ki rubuto da sauri, ki ba ni labari tun daga ƙofar coci.

Duberney


Santa Inés
8 ga Afrilu, 2005

Duberney,

Takardarka ta same ni a asibiti, a can na karanta. Ina taya ka murnar takardu da ta ɗari da ashirin. Yara lafiya. Ka ce in ba ka labari tun daga ƙofar coci, to ga shi.

Ya sha ludayi biyu da ƙarfe goma sha ɗaya, ni na dama. Da azahar aka fito, rana tsaka, gari ya cika maƙil. Ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Layin farko har yana ɗaga kai yana duban mata a baranda. Layi na biyu zufa ta jiƙa masa rigar ɗauka har ƙugu. A na uku na ga ƙafarsa ta hagu tana karkarwa duk lokacin da aka tsaya. Don Laurentino ya matso ya ce masa a hankali, "Eliécer, ka yi magana, ba wanda zai zage ka." Papá ya ce, "Ɗana na zuwa baɗi." Bai ƙara cewa komai ba.

A gangaren maƙabarta, inda nauyi ke komowa kan na gaba, gwiwar ta tafi. Na ji ƙararta daga inda nake. Ya zube a kan duwatsu, karagar ta sunkuyo, kyandirori suka zubo, mata suka sa ihu. Karagar ba ta taɓa ƙasa ba, domin Arcesio ya riga ya shiga. Mutumin da ake zuba wa duwatsu a aljihu ya ɗauke ta daga maƙabarta har cikin coci, bai ko yi tari ba. Ranar Lahadi Don Laurentino ya rubuta sunansa a gaban Fada da sauran bakwai ɗin. Sandar gaba ta dama ta Arcesio ce yanzu, bayansa kuma ta ɗana. Ba wakilci ba ne. Da wakilci ne da baɗi ka karɓa.

Za ka tambaya yaya aka yi Arcesio yana daidai wurin, cikin mutum dubu. Ba sai ka wahalar da kanka ba. Ni na ce ya sa takalmin ɗauka. Ni na ce ya bi ta dama, taku biyu bayan Papá, kada ya ɗauke ido daga ƙafar hagu, kuma ni na gaya masa a gangare zai faru. Ya ce, "Edilma, mu sake roƙonsa mana." Na ce an gama roƙo.

Lokacin da na rubuto maka a Nuwamba, Allah ya sani, sandarka nake tsare maka da gwiwar ubanmu. Ko a mafarki ban so ta ba. Kai ka ce ina so, Papá ya ce ashe, a gaban 'ya'yana. Sai na zauna na duba, na ga to me zai hana. Wata ɗaya da rabi ina dama masa abin da na san ba ya ƙara masa komai, ina yaba masa hannu, ina kallonsa yana tafiya wurin da zai faɗi. Kai daga nesa ka tura shi ba ka sani ba. Ni ina gani na matsa gefe. Ban san wanda ya fi wani a cikinmu ba, kuma ba na barci sosai, in wannan zai yi maka daɗi.

Ƙoƙon gwiwar ya fashe gida uku. An yi aiki, likita ya ce da sanda zai yi tafiya in ya yi sa'a, tudun coci kuwa sai dai a ɗauke shi. Hannun ya saɓe tun kwana na biyu, ya koma na tsoho. Ba a ɗauki hoto ba, ka ba mai gidan ƙarfenku haƙuri.

Jiya da nake goge masa jiki ya riƙe hannuna. Na ɗauka ni zai yi wa magana. Ya ce in rubuto maka in ce garin ba shi da laifi, shi ne ya yi ƙwauro, da uku ya sha da ya kai coci. Ya ce in gaya maka ya yi iya ƙoƙarinsa, bai buɗe baki ya ce a karɓe shi ba, kowa shaida ne. Ya ce ka yafe masa ya zubar maka da gado. Sau uku ya faɗa yana kuka, ya sa na rantse zan rubuta.

Ga shi na rubuta. Ka aiko masa da amsa, zan karanta masa duka.

Edilma